Motar da Ka Ce In Ajiye Maka

Al Gharrafa, Doha.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da Ummanka da ƙannenka da duk wanda ya kwana a gidan nan. Ina roƙon Allah Ya tsare ka a tafiyar da ka sa a gaba, Ya fitar da kai daga Funtuwa lafiya, Ya sauke ka a Doha lafiya, Ya haɗa ka da mutanen kirki, Ya raba ka da sharrin hanya da sharrin ƙarfe. Amin.

Ka san ni ba ma'abocin rubutu ba ne. Shekara goma sha bakwai ina ƙasar nan, saƙona bai taɓa wuce muryar minti biyu a waya ba. Amma ranar da ka kira ka ce bizarka ta aikin direba ta fito, kafin mu yi sallama ka ce, "Baba, don Allah motar nan taka kada ka sayar da ita, ka ajiye mini." Na ce maka za mu yi magana. To, maganar ce wannan. A waya ba zan iya kai ta ƙarshe ba, don na san halina: da na ɗauko ta zan karkata in koma tambayar ko an yi ruwa a gona. Ka daure ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Kai a hoto ka san motar nan. Bari in gaya maka yadda ni na san ta.

Lokacin da na zo gidan da nake aiki, direbobi biyu na tarar, ɗan Sudan da ɗan Indiya, kowannensu da farar jif ta Japan mai ƙyalli. Ni sabon zuwa, sai aka miƙo mini makulli ƙwaya ɗaya, ba rimot ba komai, aka nuna mini bayan gida. Can ƙarƙashin rumfa na same ta: tsohuwar motar Amurka, ruwan ƙasa, doguwa har bayanta ya leƙo rana. Ta mai gidan ce, wani dattijo da ake ce wa Abu Rashid, wato baban Rashid. Su a nan da sunan ɗan fari ake kiran mutum, sunan da mu a gida ko faɗarsa ba ma iya yi. 'Ya'yansa sun yi sun yi da shi ya rabu da motar ya ƙi. Direbobi kuma ba mai son ta, shi ya sa ta zama rabon baƙo.

Kuskurena na farko raini ne. Na ji haushi, na ce a raina ashe na baro Funtuwa ne don in zo in tuƙa akwala a ƙasar masu kuɗi. Da wannan haushin na ɗauki dattijon ranar farko. Na shiga shataletale da irin gudun da na saba yi a ƙaramar mota, sai na ji duk jikinta ya kwanta gefe guda. Kujerar baya ta fata ce mai santsi. Na duba madubi na ga Abu Rashid ya tashi daga wannan ƙofa ya sulale har waccan, mayafin kansa ya rufe masa fuska. Na sha jinin jikina, na ce shi ke nan, jirgin da ya kawo ni shi zai mayar da ni. Ya gyara mayafinsa a hankali, ya dawo mazauninsa, sannan ya ce, "Ya Salihu, shuwai shuwai, a hankali. Wannan ba tuƙa ta ake yi ba, lallashinta ake yi."

Don haka duk makullin da aka fara miƙa maka, ka karɓa da hannu biyu. Kada ka kalli abin da aka ba na kusa da kai. Makon farko ka tuƙa kamar an ɗora maka kwanon kunu a cinya, har sai ka san halin motar da halin wanda ke zaune a bayanka. Yawancin direbobin da na ga an sallama a garin nan ba haɗari suka yi ba, gaggawar nuna gwaninta ce ta kore su.

Ban san ranar da na fara son ta ba. Injinta silinda takwas ne. Idan ka tashe ta da safe ba ta ihu irin na ƙananan motoci, gurnani take yi can ƙasa-ƙasa har ka ji shi a ƙirjinka. Giyarta a jikin sitiyari take, kujerar gaba kuma guda ɗaya ce doguwa, mutum uku su zauna ba mai takura wani. Idan ta hau miƙaƙƙen titi ba ka jin rami ba ka jin tudu, sai dai ka ga gari yana wucewa. Iyakwandishan ɗinta kuwa, a tsakiyar zafin da ke narkar da takalmi sai Abu Rashid ya ce in rage, ƙafafunsa sun yi sanyi. But ɗinta ya taɓa cinye naman raguna biyu na layya da buhun shinkafa, kuma ya rufu ba gardama. Waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne don ƙasa mai faɗi, da mai mai araha, da mutumin da ba ya sauri. A Doha ta samu biyun farko, a wajen Abu Rashid ta samu na uku.

Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan kai shi bakin teku a Al Wakrah. Ba ya fita. Sai ya buɗe ƙofa, ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya yi ta kallon jiragen masunta. Wani lokaci ya ba ni labarin ranar da ya sayo ta sabuwa fil da ledarta, wani lokaci kallon kawai zai yi har mu dawo. Sau ɗaya na tambaye shi me ya sa ba zai hau jif ɗin 'ya'yansa ba. Ya ce, "Waccan hawa ake yi, sai an ɗaga ni. Wannan shiga ake yi."

Kada ka ɗauka ba ta da aibi. Aibinta ya fi kyawunta yawa, sai dai kyawun ya fi saurin shiga rai. Tana shan mai kamar an huda tankin. Allurar man kuma maƙaryaciya ce: tana nuna rabi, tana nuna rabi, ka waiwaya ka ga ta kwanta. Gilashin ƙofa na lantarki ne, idan ya sauka sai ya ga dama yake hawa. Yadin rufin ciki zafi ya sake shi yana shafar kan mutum, sai da na bi shi da allurai irin na tela. Robobin gaba rana ta gasa su, ka taɓa su ɓare a hannunka. Idan muka je kasuwa sai na yi zagaye uku ina neman wurin ajiye ta, don wanda ya zana layukan bai san da irinta ba. Birkinta kuwa sai ka sanar da shi tun daga nesa cewa kana da niyyar tsayawa. Ƙarfen jikinta da injinta ba sa mutuwa. Ƙananan abubuwan da ke kewaye da su ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kai kuma kana biye da su.

Kuskure na biyu ya fi na farko muni. A shekarata ta biyar na lura allurar zafi tana ɗan hawa fiye da yadda ta saba. Ban faɗa wa kowa ba. Dalili kuwa, na taɓa jin Rashid yana cewa ranar da motar ta sake tsayawa a hanya, daga nan za a ja ta a yar. Ni kuma na ga idan mota ta tafi, direbanta ma zai bi ta. Sai na riƙa zuba wa lagireto ruwa kowace safiya a ɓoye, ina cewa gobe zan kai ta gareji. Na yi mako biyu ina wannan goben. Ranar da zan kai dattijon asibiti a duba masa ciwon suga, da tsakar rana, a kan babban titi, tiyon ruwa ya fashe. Tururi ya turnuƙe gaban motar. Ba inuwa, ba gida kusa, ga mutum ya haura saba'in. Na cire rigata na riƙe masa a kai, ina kallon leɓensa yana bushewa.

Da Rashid ya iso bai ko kalli motar ba. Ya ce mini, "Tun yaushe ka san da wannan?"

Kafin in buɗe baki dattijon ya ce, "Ya gaya mini. Ni na ce ya bari."

Kwana biyu ya yi a gadon asibiti. Ranar da aka sallame shi, da ya shiga motar, ya jira na rufe ƙofa sannan ya ce, "Salihu, na yi maka ƙarya sau ɗaya. Ba zan yi ta biyu ba. Yalla, mu tafi." Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Abba, duk abin da ka gani a mota, ko ƙara ce ba ka gane ta ba, ko kai ne ka goge ta da bango, ka faɗa a ranar. Faɗan da za a yi maka da safe ya fi wanda za a yi maka a gefen titi sauƙi. Kuma ba kowane kafil, wato uban gidan da ya ɗauko ka aiki, ne zai tsaya maka yadda wannan bawan Allah ya tsaya mini ba. Ni dace na yi, kada ka ɗora rayuwarka a kan dace.

Akwai kuma maganar hotuna, wadda ita ta jawo roƙon da ka yi mini. Tun kana ɗan shekara takwas nake aiko muku da hotona na jingina da motar nan, na sha farar jallabiya, hannuna a kan bonet. A lokacin ba tawa ba ce. Ban ce tawa ce ba, amma ban ce ba tawa ba ce, kuma na san abin da mutanen unguwa za su ɗauka. Ban taɓa aiko muku da hoton ɗakin da nake kwana ba, ko na hannuna da baƙin mai har gwiwa. Ka taso kana ganin ubanka da doguwar mota, ka ɗauka abin da ake zuwa Doha a samu ke nan. Wannan laifina ne ba naka ba. Idan ka zo, ka aika wa Ummanka hoton inda kake kwana da abin da kake ci. Idan ka ji kunyar aikawa, to kada ka aika da na komai.

Abu Rashid ya rasu shekara takwas da suka wuce, Allah Ya jiƙansa. Bayan an tashi daga zaman makoki Rashid ya kira ni majalisarsu, ya ajiye makullin a tafin hannuna ya ce, "Baba ya ce taka ce." Aka mayar da istimara, wato takardar rajistar mota, zuwa sunana. Na yi kuka a gabansu, ban ji kunya ba. Direba ɗan Sudan ya rungume ni ya ce, "Mabruk, an ba ka ciwon kai mai taya huɗu." Na ɗauka hassada ce.

Rashid ya riƙe ni a aiki, ina kai yaransa makaranta a ƙaramar motar Japan. Amma ya ce in nema wa tsohuwar wani wuri, don duk lokacin da mahaifiyarsa ta gan ta sai ta yi hawaye. Sai na kai ta Al Wukair, ƙofar masaukin abokina Bitrus, mutumin Kafanchan, mai gyaran iyakwandishan a wani kamfani. A garin nan idan mota ta daɗe a waje ƙura ta rufe ta, hukumar gari takan liƙa mata takardar gargaɗi, in ba a motsa ta ba a ɗauke. Saboda haka duk Juma'a, ranar hutuna ɗaya tilo, sai in hau bas tun daga Al Gharrafa har Al Wukair, in wanke ta, in tashe ta, in zaga unguwa da ita, in mayar da ita inda take. Shekara takwas ina wannan. Idan aka yi maka kyauta ka yi godiya, wannan tarbiyya ce. Amma kafin ka sa hannu a takarda, ka tambayi kanka inda abin zai kwana, da kuma ko zai iya bin ka gida.

Yanzu na zo kan wanda ya sa na ɗauki biro.

Ka san kakanka, wanda aka sa maka sunansa, wanda mu 'ya'yansa muke ce wa Malam. Ka san a ƙuruciyarsa babbar motar auduga ya tuƙa wa wani attajiri a Funtuwa. Attajirin yana da motar Amurka, ita kaɗai a garin a lokacin. Wata rana direbanta ba ya kusa, rana ta juyo kanta, aka ce wa Malam ya matsar da ita inuwa. Tafiyar ba ta fi taku goma ba. Shekara arba'in Malam yana ba da labarin wannan taku goma. Kai ma ka ji shi da kunnenka, ba sau ɗaya ba: "Kamar ka zauna a kan katifa, katifar ta tashi tana tafiya." Daga nan sai ya yi dariya ya ce bai sake shiga irinta ba.

Tun ranar da Rashid ya ba ni makullin na ƙudurta cewa zan kawo ta Funtuwa. Zan zaunar da Malam a gaban sitiyari, in zauna a gefensa, ya tuƙa mu har Zariya mu dawo. Ban gaya wa kowa ba, so nake in yi masa bazata. Zuwana gida na ƙarshe, shekara shida ke nan, na ga ƙafafunsa sun fara kumbura, na ga yana sallah a zaune. Maimakon wannan ya sa in riƙa zuwa a kai a kai, sai ya sa na rantse wa kaina cewa zuwa na gaba da motar zan zo.

Da lokacin hutuna ya yi bayan shekara biyu, na roƙi Rashid ya ɗaga mini. Ya yi mamaki, don bai taɓa ganin direban da ya nemi a ɗaga masa hutu ba. Mai yi mini hanyar jirgin ruwa ya ce sai takardun motar suna da rai, takardu kuma ba sa sabuntuwa sai mota ta ci fahas, wato binciken lafiyar mota da ake yi duk shekara. Na kai ta, ta faɗi saboda hayaƙi. Abin da za a canja babu shi a shago, don ba mai ajiye kayan irinta, sai da na yi wata biyu ina yawo a sikirab, inda ake yanka matattun motoci kamar 'yan gwangwan ɗinmu. Na samu, aka ɗaura, na mayar da ita, ta faɗi saboda birki. Ana cikin haka wani ya ce mini tashar jirgin ruwan ƙasarmu ba ta karɓar mota mai irin shekarunta. Mai hankali a nan zai tsaya. Ni sai na kama neman wanda ya san hanyar Kwatano.

A cikin waɗannan watannin ne Malam ya karɓi waya daga hannun Ummanka wata rana. Muryarsa ta yi ƙasa.

Ya ce, "Salihu, yaushe za ka zo?"

Na ce, "Na kusa, Malam. Akwai abin da nake haɗawa, da shi zan zo maka."

Ya ce, "Ni ban aike ka komai ba."

Na ce, "Za ka ji daɗinsa, Malam, wallahi."

Ya ce, "Ni kai na tambaya, ba kaya ba. To, Allah Ya kawo ka."

Na yi dariya bayan mun gama, na ce kawaicin tsofaffi ne, bari ya ga abin da idonsa.

Ran Litinin Ummanka ta ce mini jikin ya yi tsanani. Na ce mata ran Laraba zan shiga fahas na uku, daga nan sai tikiti. Ran Laraba da safe ina cikin layi, saura mota ɗaya a gabana, waya ta yi ƙara. Na ga sunanka. Na ce bari in fito in kira. Ta sake yin ƙara daidai lokacin da ma'aikacin ya ɗaga mini hannu in shigo, na kife ta a kan kujera. Aka duba hayaƙi, aka duba birki, aka duba fitilu. Yaron da ya miƙo mini takarda ya ɗan bubbuga bonet ɗin ya ce, "Masha Allah, ta ci. Mabruk."

Na fito, na tsaya a gefe, na kira ka da takardar a hannuna. Kai ka san abin da ka faɗa mini. Ka ce ɗazu Malam ya farfaɗo ya ce a kira masa Salihu, shi ya sa ka kira sau biyu. Ka ce yanzu an rufe masa ido. Na zauna a cikin motar ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Injin yana gurnaninsa, iyakwandishan yana aiki lafiya lau, allurar zafi tana tsaye inda ya kamata. Bayan azahar aka kai shi, kai ka shiga kabari ka karɓe shi, kana ɗan shekara ashirin, a wurin da ni ya kamata in tsaya.

Ba ni da wata doguwar nasiha a kan wannan. Idan waya ta yi ƙara ka ga lambar gida, ka sa sigina, ka gangara gefe, ka ɗauka. Ko wa ka ɗauko a baya, ka ba shi haƙuri, zai fahimta, in bai fahimta ba ma ka ɗauka. Idan lokacin hutunka ya yi ka tafi, ko da hannu wofi za ka isa. Ba a taɓa mayar da ɗa daga ƙofar gida don bai zo da tsaraba ba. Kuma idan tsoho ya gaya maka abin da yake so, ka yarda da shi, kada ka fassara masa zuciyarsa.

Shekara huɗu ke nan da rasuwarsa ban zo ba, kuma ba ka taɓa tambayata dalili ba. Wannan kawaicin naka ya fi faɗa ciwo a wurina. Na ce wa Ummanka aiki ne, na ce mata Rashid bai samu wanda zai riƙe yara ba. Ba haka ba ne. Kunya ce. Ban san da wace fuska zan shiga zauren Malam in ga buzunsa ba. Motar kuma ta zame mini hujja mai kyau. In tafi hutu, wa zai wanke ta? In tafi gaba ɗaya, ai ba a rufe wa mutum iƙama, wato takardar zama, ya bar ƙasa da mota a sunansa, kuma wa zai sayi irinta? Sau ɗaya wani saurayi ya zo da gaske zai saya, ya ce yana son ta ne don wasan ƙona taya a bayan gari. Na ce ba ta sayarwa ba ce. Gaskiyar magana, ko limami ne ya zo da na samo masa aibi. In na rabu da ita, ya zama ke nan ba a kan komai na rasa muryar mahaifina ba.

Juma'ar da ta biyo bayan wayarka ina wanke ta, Bitrus ya fito da kofin shayi ya zauna a bakin ƙofa. Na gaya masa abin da ka roƙa, har da ɗan alfahari a muryata.

Ya ce, "Yaron ya ce a ajiye masa?"

Na ce, "Haka ya ce."

Ya ce, "To, ka ajiye masa bokitin ma, da tsumman. Da Juma'o'in."

Na ce masa ban gane ba.

Ya ce, "Malam Salihu, ka gane. Shekara takwas ina kallonka daga nan. Ni a cikinsu na je gida na aurar da 'yata, na je na ga jikana. Kai motar nan ba tuƙa ta kake yi ba, gadinta kake yi. Yanzu kuma ka samo wanda zai karɓe ka."

Na ji haushinsa ƙwarai, ban ko sha shayin da ya zuba mini ba. Amma a bas ina komawa na yi ta ganinka a idona, kana tsaye a wannan rana da bokiti, waya tana ƙara a aljihunka.

Ran Asabar da ta wuce na nemi izini na je Al Wukair. Murɗawa ɗaya ta tashi, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Na bi da ita ta bakin teku a Al Wakrah, na tsaya inda muka saba tsayawa, na buɗe ƙofa na ɗan zauna. Daga nan na miƙe hanya, shuwai shuwai, har sikirab. Ba ta taɓa tafiya mai daɗin ta ranar ba, har gilashin da ya yi shekara yana gardama ya hau da kansa. Mai wurin ya zaga ta, ya saurari injin, ya ce wannan ai da sauranta. Na ce na sani. Na kwance lambobin da hannuna, na ba shi makullin, ban ɗauki ko madubi don tunawa ba. Bitrus ne ya dawo da ni a motar kamfaninsu. Washegari aka soke istimara. Na sami Rashid na ce masa khalas, na gama, zan koma gida. Ya ce shekara goma sha bakwai ba kwana goma sha bakwai ba ne, Allah Ya saka da alheri.

Saboda haka babu motar da zan ajiye maka. Na san za ka ji haushi, ka ji, ba laifi. Za a ba ka wata ƙaramar motar Japan marar gurnani, marar labari, wadda ke tashi kowace safiya ba tare da an roƙe ta ba. Ka riƙe ta da amana, ka mayar da makullinta idan ka tashi aiki. Wata rana za ka ga irin tawa a titi, don har yanzu akwai tsofaffin da suka ƙi rabuwa da su. Ka rage gudu ka kalle ta da kyau, ta cancanci kallo. Sannan ka wuce.

Zan sauka Kano ran Alhamis ta sama, kwana goma sha ɗaya kafin jirginka ya tashi. Na riga na gaya wa Ummanka rana da sa'a, na bar yi wa mutane bazata. Jaka ɗaya ce a hannuna. A cikin kwanakin nan zan nuna maka abin da ya sawwaƙa na hanyoyin garin nan da halin mutanensa, in haɗa ka da Bitrus a waya, sannan in raka ka filin jirgi da kaina.

Abu ɗaya nake roƙonka. Washegarin isowata, idan mun karya, ka kai ni maƙabarta. Kada ka nemo mota, kada ka ari babur, da ƙafa za mu je. Kai ka san inda Malam yake kwance. Ni ban sani ba.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya yafe mini. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kiyaye ka a kan kowane titi da za ka hau, Ya kai ka lafiya, Ya kuma dawo mana da kai a kan lokaci. Ka gaishe da Ummanka da ƙannenka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Salihu